Motar da ke kuka cikin dare: wa ke kai wa alam rahoton ƙarya?

Wajen ƙarfe uku na dare ne, tsakiyar Afrilu, an ɗauke wuta, duk unguwarmu ta Bukoki a Yamai an fito da tabarmi tsakar gida ana farautar iska. Barci ya fara daɗi ke nan sai motar ɗan yayata ta ɓarke da kururuwa a ƙofar gida. Karnuka suka amsa. Ta yi kamar rabin minti ta yi tsit, har an fara gyara kwanciya, ta sake. Dare na huɗu ke nan a jere. Da asuba muna hanyar masallaci dattijon da gidansa ke kallon namu ya kama hannuna ya ce, "Malam, ka faɗa wa ɗanka, ko ya nema wa amaryar nan tasa magani, ko ya maida ta gidan iyayenta."

Amaryar wata 'yar Turai ce mai ƙofa biyu, rufinta na tanti ne mai naɗewa, cikinta kusan yana shafar ƙasa, irin motocin gudun nan da samari ke miƙewa daga fada su bi su da kallo. Ta hannu ce, ta Lome ta shigo, ta haura shekara 15 a duniya. Da hantsi yaron ya same ni ya ce, "Kawu, yau zan kai ta a yanke wayar alam ɗin, kowa ya huta." Maganin da akasarin masu irin waɗannan motoci ke yi ke nan a Yamai, kuma shi ne na hana shi.

Ba don ina son kukan ba. A irin waɗannan motoci alam ba wani akwati ba ne da aka rataya a gefe. Sau da yawa ƙwaƙwalwar da ke kula da shi ita ce ke kulle ƙofofi, ita ce ke ɗaga gilasai, a wasu ma ita ce ke ba injin izinin tashi. A Porsche Boxster ta farko, wadda aka fara ƙerawa a 1996, da 911 ta zamaninta da ake kira 996, akwati ɗaya ne a ƙarƙashin kujerar hagu ke riƙe da alam da kulle ƙofa da izinin tashin inji gaba ɗaya. Almakashi ya kuskure waya ɗaya, mota ta zama benci. Ban da haka, kukan da ake son a toshe sau da yawa shi ne alamar farko ta wata cuta da ke tafe: batiri na mutuwa, ko ruwa na kwance inda bai kamata ba.

Ka ɗauki alam kamar mai gadin da aka rufe a ɗakin da ba taga. Ba ya ganin komai da idonsa. Yana da 'yan rahoto warwatse a jikin mota, kuma aikinsa guda ne: duk wanda ya ce masa an taɓa, sai ya busa jiniya. Ba ya bincike, ba ya tambayar shaida. In ya tashi unguwa alhali ba ɓarawo, da wuya a ce shi ne ya haukace. Wani ne cikin 'yan rahoton ke yi masa ƙarya, aikinka kuwa shi ne gano ko wane ne.

Wanda na fi zargi, kuma wanda ya fi kowa arha, shi ne ɗan maɓallin kapo, wato murfin inji. Kowace ƙofa tana da ɗan maɓallin da ke gaya wa mota ko a rufe take ko a buɗe, haka akwatin baya, haka kapo. Amma na kapo ya fi kowa shan wuya. Yana zaune gefen inji yana gasuwa, ƙurar hunturu tana cika shi, yaran wankin mota suna feshe shi da ruwa mai ƙarfi. Robar da ke kansa ta bushe ta lotsa, har ya zama kapo ɗin da ƙyar yake danna shi. Da rana ƙarfe ya yi zafi ya buɗa, komai na taɓa juna. Can cikin dare ƙarfe ya huce ya ɗan tsuke, tazarar da ba ta kai kaurin farce ba ta buɗe, mai gadi ya ji an ce an ɗaga kapo. Shi ya sa kukan ke son tsakar dare. Masu BMW irin E46 da E39 sun daɗe da sanin wannan ciwo. In motar ta taɓa cin karo ta gaba aka buge kapo ɗin aka maida, zargin ya ninka, don da wuya ya koma ya zauna daidai yadda ya fito daga masana'anta.

Na ƙofofi kuwa a motocin zamani yana ɓoye cikin makullin ƙofar ne, ba ka ganinsa. Amma mota mai ƙofa biyu tana tona masa asiri. Galibinsu gilashin ƙofarsu ba shi da firam, in ka ja hannun ƙofa gilashin yakan ɗan sauka kaɗan, in ka rufe ya koma. Ka lura da wannan. In wata rana ya sauka wata rana ya ƙi, ko fitilar ciki ta ƙi kamawa da ka buɗe, ko tablo, allon da ke gaban direba, ya nuna ƙofa a buɗe kana tsakiyar tafiya, to ga maƙaryacinka nan. Waɗancan Porsche da na ambata ma da bakinsu suke faɗa: in ka kulle ka ji oda ta yi ƙara sau ɗaya, wani abu ne bai rufu ba, har murfin ɗan akwatin da ke tsakanin kujeru yana cikin lissafi. In ta yi sau biyu, matsalar a cikin tsarin alam ɗin take.

Sai mai sauraron cikin mota. A mota mai rufin ƙarfe yawanci wasu 'yan ƙananan idanu ne kusa da fitilar rufi, suna fitar da sautin da kunnen mutum ba ya ji, wajen kilohaz 40, suna sauraron yadda yake dawowa. Duk abin da ya motsa a ciki, ko iska ce, sai sautin ya sauya. An ƙera wannan don ƙasashen da ake kulle mota ruf. Mu kuwa wa zai rufe gilashi ruf a bazarar Yamai, ana awon zafi sama da digiri 40 a inuwa, cikin mota ya wuce 60? Kowa yana barin tazarar yatsa biyu. Ga carbi rataye a madubi, ga ɗan kwalin turare na reto. Iskar da ke gaban hadari ta shigo ta kaɗa su, shi ke nan. Tsaka ko fara guda da ta kwana a ciki ma ta isa. Motoci masu rufin tanti kuma, da yake tantin kansa yana motsi da iska, da yawa ana sa musu wani nau'in mai aiki kamar rada, na'urar nan ta hango jirage. Shi iska ba ta dame shi ba, amma yana ratsa tanti da gilashi, in an ƙure masa ji sai ya riƙa kai ƙarar akuyar da ta raɓa mota tana neman inuwa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, motar da kanta ta ba ka hanyar sallamar wannan ɗan rahoto na dare ɗaya. A BMW da yawa, in ka danna kulle sau biyu a jere, mai sauraron ciki da mai awon karkata duk sun kwanta, ƙofofi da kapo kawai ake gadi. Waɗancan Porsche ma kullewa biyu a jere da sauri tana kashe na ciki. Mercedes kuma maɓalli take sawa a cikin mota. Wannan kyauta ce ga mai bincike: ka kulle ta haka dare uku. In ta yi shiru, ka san ɓangaren da za ka nufa. In ta ci gaba, ka wanke mutum biyu daga zargi ba ka kashe ko dala ba.

Mai awon karkatar nan aikinsa ya ji in an ɗaga mota za a kwance taya ko za a ja ta. Ba ya cika ƙarya. Sai dai in za ka ɗora motar a bayan babbar mota zuwa Tawa, ka tuna ka kashe shi, in ba haka ba tun daga Doso har Konni tana kuka, ta isa da mataccen batiri.

Mai jin girgiza shi ne sarkin ƙorafi, kuma galibi ba daga masana'anta ya zo ba, cikin alam ɗin kasuwa yake, irin wanda ake ɗaurawa daga baya. Ɗan akwati ne kamar na ashana a ƙarƙashin tablo, da wani ɗan dunƙulen juyawa a jikinsa. Mai ɗaurawa yakan murɗe shi har ƙarshe don ya burge mai mota: ya ɗan taɓa gilashi da yatsa, jiniya ta tashi, mai mota ya ce lalle aiki ya yi kyau. Daga ranar kuma tsawa, da kamiyon yashi, da babur ɗin da aka fasa wa salansa, da gurup ɗin maƙwabci, wato janareta, in an ɗauke wuta, kowa ɓarawo ne. Motar gudu ta fi saurin kamuwa, don ƙafafunta masu tauri ne, duk abin da ƙasa ta ji sai ya hau jikinta. Gyaran ba wuya: ka mayar da dunƙulen baya kaɗan-kaɗan, kana kullewa kana gwadawa da tafin hannu a ginshiƙin gilashin gaba. Mari mai ƙarfi ya tashe shi, taɓawa kada ta tashe shi.

A nan ne kawai nake goyon bayan cirewa. Motar da ta zauna hannun mutum uku a ƙasashe biyu kafin ta iso mu, sau da yawa kowane mai ita ya ɗaura nasa: wannan alam, wancan na'urar bin sawu, wani kuma ɓoyayyen maɓallin yanke mai. Ka leƙa ƙarƙashin sitiyari ka ga wayoyi an murɗa su da hannu an naɗe da salatif, zafi ya narkar da gam ɗin ya bar su tsirara. Irin wannan tarkace a fitar da shi. Amma fitarwa daban, yankewa daban. Alam ɗin kasuwa yawanci an datse wayar sitata ko ta famfon mai ne aka bi da ita ta cikinsa, saboda haka sai an bi kowace waya har inda aka tsinke ta, a haɗe ta asali da dalma, a rufe. Wanda ya fizge akwatin kawai ya jefar, zai tura mota.

Yanzu ga babban maƙaryaci, wanda ba a ma lissafa shi cikin 'yan rahoto: batirin motar. Cikakken batiri da ya huta yana nuna volt 12.6 ko kusa. In ya nuna 12.2 ya kai rabi. Ƙasa da 12 kuwa sai addu'a. In inji na aiki ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5, alamar altanato na caji. Zafi yana cin batiri fiye da yadda sanyi ke yi, ga shi motar gudu ba motar zuwa aiki ba ce. Tana kwance mako guda, ranar Lahadi ko ranar ɗaurin aure a fito da ita, a zaga Plato, a tsallaka gadar Kennedy a dawo, tafiyar da ba ta isa ta mayar da abin da tayarwa ɗaya ta ci ba. Duk tsawon makon kuma alam da mai jiran saƙon makulli suna tsotsa a hankali. Da wuta ta yi ƙasa sai ƙwaƙwalen motar su fara ruɗewa, wasu alam ɗin kuma an yi su ne su ɗauki faɗuwar wuta a matsayin alamar ana kwance batiri. Kan batiri da ya yi farin gari ko ya saki, da wayar mas da ta yi tsatsa inda ta kama jikin mota, duk wannan wasan suke yi. Mai gyaran wutar mota na ƙwarai zai sa mita ya auna abin da motar ke sha tana kulle. Sai ya yi haƙuri ta yi barci tukuna, wasu sukan kai rabin awa ko fiye. In ta kwanta, abin da take ja bai kamata ya wuce wajen miliamfa 50 ba. In ya zarce haka sosai, a bi fizibil, wato fis, ɗaya bayan ɗaya har a gano mai shan.

Akwai kuma batiri na biyu da mai mota bai san da shi ba. Jiniyar motocin Turai da yawa tana da nata ƙananan batura a ciki, don ko ɓarawo ya cire na mota ta ci gaba da ihu. In sun tsufa sukan zubar da ruwansu a kan allon lantarkin jiniyar su cinye shi. An san wannan a Mercedes SL ta 2001 zuwa sama da 'yan uwanta na zamanin, an san shi a Audi TT ta farko. Ga yadda za ka rarrabe, kuma ko daga kan tabarmarka za ka iya: in jiniya na kuka fitilun sigina na walƙiya tare, mai gadi ne ya ba da umarni, wani ya kai masa rahoto. In kuwa kuka ne kawai ba walƙiya, ko muryar ta shaƙe kamar zakaran da ya sha sanyi, ko ka buɗe motar amma ta ƙi yin shiru, to jiniyar ce ke sambatu ita kaɗai. Ita za a sauya, a bar sauran.

Ruwa kuma sai damina. Mota mai rufin tanti tana da 'yan magudanai a inda rufin ke naɗewa, masu fitar da ruwa ƙasa. Wata takwas na rani ƙura da ganyen bedi suna cusa su. Ruwan farko na Yuni ya sauka, bai sami hanya ba, ya gangara cikin mota ya kwanta a wuri mafi zurfi, wato ƙarƙashin kujera, inda wasu masana'antun suka ga damar ajiye ƙwaƙwalwa. Kafet ɗin yana da soso mai kauri a ƙasa, sama ta bushe ƙasa na jiƙe har mako biyu. Alamominsa ba su da kan gado: gilasai su sauka da kansu, ƙofofi su yi ta kullewa suna buɗewa, alam ya tashi da rana tsaka. In ka ga haka bayan ruwa, ko bayan ka kutsa ɗaya daga tafkunan da titunan Yamai ke zama a Agusta, ka cire kan batiri, ka ɗaga kafet, ka tura hannu. Kafin damina kuwa a zuba ruwan buta a magudanan a ga ko yana fita ta ƙasa. Aikin minti goma ne.

Muka kai motar wurin wani Ba'adare mai gyaran wutar mota a wajen kasuwar Katako. Yaron ya fara yi masa bayanin wayar da yake son a yanke. Mutumin bai ko ɗago ba. "Wa yac ce a yanke? Samari, bari mu tambaye ta tukuna." Ya jona kwamfutar binciken nan da suke kira baliz a ramin da ke ƙarƙashin sitiyari, mai baki 16, wanda doka ta wajabta a motocin Amurka tun 1996, a motocin fetur na Turai kuma tun 2001. Motoci da yawa suna rubuta abin da ya tayar da alam a 'yan lokutan baya, sai dai ba kowace ƙaramar na'ura ke iya karanta wannan shafin ba, sai wadda ta san yaren motar. Tasa ta karanta: kapo, kapo, kapo. Ya ɗaga kapo ɗin, ya kama hannun yaron ya ɗora a kan wani ɗan tsinin roba da ya lotse kamar tsohon takalmi. "Dibi nan. Robag ga ta ƙare. Ba aljani ba na." Ya yanko guntun robar tsohuwar taya ya manna a inda kapo ke sauka. Sannan ya sa mita a batiri ya juyo mini da fuskarta: 11.9. "Malam, wanga ma ya gaji. Ko ba yau ba, shi za ya kunyata ku." Muka sauya batiri, muka biya kuɗin aiki da bai kai na cin abincin rana na mutum uku ba.

Wannan ke nan game da kuka. Ɗaya rabin ciwon kan shi ne telekomand, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke ce wa rimot: yau ya buɗe daga nesa, gobe sai ka manna shi da gilashi, jibi ya yi kunnen ƙashi.

A nan ruɗanin daga kallon makulli a matsayin abu ɗaya yake farawa, alhali abu uku ne a riga ɗaya. Akwai ƙarfen da ke shiga rami. Akwai komand, ɗan gidan rediyo mai aiki da pil, wato ƙaramin batiri, wanda ke buɗe ƙofa da kashe alam. Akwai kuma wata 'yar ƙwaya da muke kira pus, kamar yadda muke kiran sim na waya, wadda ke gaya wa inji cewa mai shi ne ya zo. Tun 1998 sababbin motoci a Tarayyar Turai ba sa fita sai da wannan tsari. Pus ba ta buƙatar pil, wani zobe ne da ke kewaye da ramin kontak, inda ake murɗa makulli, ke ba ta wuta ta iska in ta matso. Saboda haka in komand ya mutu, motarka za ta tashi. In kuwa komand na buɗe ƙofa lafiya amma inji ya ƙi kamawa, kada ka ɓata kuɗinka a pil, matsalar tana wurin pus ko zoben. Ko motar da ake tayarwa da danna maɓalli tana da wannan hanyar ta ko-ta-kwana: akwai ɗan ƙarfen makulli ɓoye cikin komand ɗin, kuma in ka manna komand a jikin maɓallin tayarwa, ko ka sa shi a ramin da aka tanada, za ta gane shi ko pil ya mutu murus.

Pil ɗin kansa yana da abin lura. Lambar da ke jikinsa awo ce: CR2032 na nufin faɗin milimita 20, kaurin 3.2, CR2025 kuma kaurinsa 2.5, CR2016 kuwa 1.6. Duka volt 3 ne, shi ya sa mai tebur zai ce maka duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Siriri a gidan mai kauri yana rawa, yau ya taɓa gobe ya saki, ga komand mai aiki in ya ga dama. Sannan pil ɗin da ya shekara a faranti yana shan ranar Babbar Kasuwa, ko mita ta nuna 3, da an danna sai ya durƙushe. Ka saya a cikin kwalinsa, a shagon da ke da inuwa. In ka buɗe komand ɗin ka duba 'yan ƙarafan da ke riƙe pil ko sun buɗa, ka duba dalmar ƙafafunsu ko ta tsage, don makullin da ke faɗuwa a siminti nan yake fara karyewa. Gumin aljihu da ƙura kuma suna shiga ƙarƙashin maɓallan, ɗan auduga da alkol na asibiti ya wadatar. Wani abin mamaki: makullan BMW na zamanin E46, masu siffar lu'ulu'u, ba a buɗe su a sa pil. Batirinsu mai caji ne, a cikin ramin kontak yake shan wuta in ana tafiya. Wanda aka jefa a durowa shekara guda don ajiya, ranar da aka neme shi a mace za a same shi. Ka riƙa juya su, wannan mako wannan, wani mako wancan.

Wani lokaci kuma komand lafiyarsa lau, motar ce ta toshe kunne. Waɗancan Porsche, in suka kwana biyar ba a taɓa su ba, suna kashe mai jiran saƙon don tattalin batiri, sai ka buɗe da ƙarfe ka yi saurin murɗa kontak kafin jiniya ta tashi. Mutum ya dawo daga tafiya ya ce komand ya lalace, alhali littafin motar ya faɗa. Haka kuma lambar da komand ke aikawa tana sauyawa a kowace dannawa, shi da mota suna ƙirga tare, don kada wani ya naɗi saƙon ya maimaita. In yaro ya samu makulli ya yi ta dannawa nesa da mota, ko pil ya daɗe a mace, ƙirgar takan rabu. Sai an sake daidaita su, kuma kowace mota da nata salon, wasu da murɗa kontak da danna maɓalli, wasu sai da baliz.

In kuwa a wuri ɗaya kawai yake ƙin aiki, ƙofar wani shago ko bakin wani ofis, amma a gida lafiya, to hayaniya ce ta iska. Muryar komand ƙarama ce ƙwarai, kamar mai raɗa a tsakiyar kasuwar Wadata. Ƙwan fitila mai arha, injin juya wutar sola, ƙararrawar ƙofa marar waya, eriyar sadarwa da ke kusa, kowanne na iya danne ta. Har cajar waya ta ɗari biyar da aka bari a ramin sigari, in ramin bai mutuwa da kashe mota, tana iya kurmantar da motar daga ciki. Ka cire duk abin da ka jona ka gwada. Dabarar nan ta manna komand a haɓa kuwa ba camfi ba ce, jikin mutum yana ƙara masa nisa kaɗan. Amma fa akwai hayaniyar da gangan ake yin ta: ɓarayi na da na'urar da ke danne saƙon kullewa, ka danna ka juya ka tafi, ƙofa a buɗe. Kada ka yarda da dannawa. Ka ga walƙiyar sigina, ka ja hannun ƙofa.

Saura maganar da ta fi cin kuɗin mutane a banza, wato zangon da komand ke magana a kai. Motocin da aka yi don kasuwar Turai akasari suna kan megahaz 433.92, wasu BMW na Turai a 868, na Amurka da Japan kuwa galibi a 315 ko kusa da shi. Yamai kuwa mahaɗa ce: ga wadda ta fito daga Beljiyam, ga Camaro daga Amurka, ga wadda ta biyo ta Dubai. Makulli biyu za su zo iri ɗaya sak, tambari ɗaya, maɓallai ɗaya, amma ɗaya Bature ɗaya Ba'amurke, ba mai jin yaren wani. Yawanci an rubuta lambar a bayan komand ko a cikinsa. Ka karanta ta kafin ka aika a sayo. Kuma in makulli ɗaya gare ka, ka yi na biyu tun na farkon na raye, don kwafa daga mai rai ya fi sauƙi da arha nesa ba kusa ba a kan ranar da ya ɓace kana Tawa, kusan kilomita 550 daga mai na'urar da ka sani.

Wannan shawarar na ba ɗan yayata, ya kuma ɗauka, sai dai rabinta ya ji. Bai karanta bayan makullin ba, ya yi wa wani abokinsa da ke karatu a Amurka waya ya aiko masa da sabo fil, cikin leda. Muka koma wurin Ba'adaren. Ya yanka ƙarfen, ya shigar da pus, mota ta tashi da murɗawa ɗaya. Aka zo komand, aka danna, aka sake dannawa, ko gezau. Ya ɓalle bayansa, ya kawo shi kusa da ido, ya miƙa wa yaron. An rubuta 315.

"To yanzu ya za a yi, Maigida?"

"Shi tada mota, shi buɗe ƙofa da hannu kamar na kakanka. In kana son na nesa, sai ka aika Faransa."

Makullin yana nan rataye a ƙusa a ɗakin uwarsa. Dattijon gidan da ke kallon namu kuwa ya tare ni bayan sati biyu ya ce, "Malam, amarya ta yi hankali. Ko an sake ta ne?" Na ce tana nan, roba aka sa mata.